Manhajar sa ido uku ko tabarau uku a kan ido ɗaya?

Tambaya: Malam, ina cikin masu kula da kwamfutocin wata ma'aikata. Muna da manhajar sa ido guda ɗaya mai lura da lafiyar kwamfutocin, yanzu an ce sai mun ƙara biyu, wai sa ido hawa-hawa ake yi, har ana kafa mana hujja da masu binciken muhalli da masu bin sawun annoba. Ni dai gani nake maimaici ne da ɓarnar kuɗi. Mene ne hikimar abin, kuma hawa nawa ne ya isa?

Amsa: Ɗan'uwa, zarginka yana da tushe, don sau da yawa abin da ake sayar wa mutane da sunan hawa-hawa maimaici ne tsagwaronsa. Idan manhajojin nan uku daga wuri ɗaya suke ɗebo bayanai, a kan saba ɗaya (babbar kwamfutar da ke ɗauke da manhajoji) suke zaune, wuta ɗaya ke riƙe da su, to ido ɗaya gare ku, kun dai saya masa tabarau uku. Kowace hanyar sa ido tana da gefen da ba ta gani. Hawa na biyu yana cin kuɗinsa ne idan gefen da shi ba ya gani ya sha bamban da gefen da na farko ba ya gani. Wannan shi ne ma'aunin da nake auna kowace shawara irin wadda aka kawo muku, kuma masu aikin lafiya da na muhalli sun riga mu 'yan kwamfuta gano shi, saboda su kuskurensu rai yake ci.

Bari in fara da shan inna, don a can lissafin ya fi fitowa fili. Cikin mutum kusan 200 da ƙwayar cutar ta shiga jikinsu, ɗaya ne ƙafarsa ko hannunsa ke shanyewa. Sauran suna yawo da ita, suna fitar da ita a bayan gida, ba wanda ya sani. Idan hanyarka ta gano cutar ita ce jiran a kawo shanyayyen yaro asibiti, kafin ka ga na farko ɗaruruwa sun kamu, ihunka ya zama ihu bayan hari. Shi ya sa aka ƙara hawa na biyu: a ɗebo ruwa daga magudanar najasar gari, a kai ɗakin gwaji a nemi ƙwayar a ciki. A 2013 Isra'ila ta gano ƙwayar shan inna ta asali a ruwan najasar kudancin ƙasar, alhali babu yaro ko ɗaya da ya shanye. Allurar rigakafin da ake yi wa yaransu tana hana shanyewa, amma ba ta cika hana ƙwayar zama a hanji ba, saboda haka hawan asibiti ya makance ɗungurungum, ba don sakacin kowa ba. Ruwan najasa ne ya tona asirin, aka koma ɗiga wa yara maganin baki. Sai dai shi ma ruwan najasar ba zai faɗa maka wane gida ko wane yaro ba, kuma ba ya aiki inda babu magudanar da ke tara ruwan jama'a wuri ɗaya. Sai hawa na uku, wato karanta jerin ƙwayoyin gadon ita kanta ƙwayar cutar. Tana sauyawa da kimanin kashi 1 cikin 100 a shekara, don haka daga yawan sauyin ana iya gane daga ina ta fito da kuma tsawon lokacin da ta yi tana yawo a ɓoye. Ta haka aka san cewa ta Isra'ila dangin wadda ke yawo a Pakistan ce, wadda kuma aka tsinta a najasar Alƙahira a ƙarshen 2012. Ka lura, tambayoyi uku ne daban: wa ya kamu, akwai ta a gari, daga ina ta zo. Babu hawan da ke amsa tambayar ɗan'uwansa.

A fagen muhalli labarin da na fi so shi ne na ramin ozon, wato iskar da ke can sama tana kare duniya daga hasken rana mai cutarwa. A 1978 tauraron ɗan'adam na Amurka mai suna Nimbus-7 ya fara auna iskar ozon ta duk duniya daga sama. Amma waɗanda suka fara sanar da duniya cewa ozon ɗin saman Antaktika yana zaizayewa, a 1985, masana uku ne 'yan Birtaniya: Joe Farman da Brian Gardiner da Jonathan Shanklin. Hujjarsu tsohuwar na'ura ce da ke tashar bincike ta Halley a Antaktika, wadda ake aunawa da ita daga ƙasa tun wajen 1957. Tauraron ya ga raguwar, sai dai manhajar da ke tace bayanansa an tsara ta ne ta ware duk adadin da ya yi ƙasa sosai ta yi masa alamar shakku, bisa tunanin cewa irin wannan adadi kuskuren na'ura ne. Da rahoton Halley ya fito, sai hotunan tauraron suka nuna abin da tasha ɗaya ba za ta iya nunawa ba, cewa ramin ya kai faɗin nahiya. Ta ƙasa tana da dogon tarihi a wuri ɗaya tak, na sama yana da faɗi amma an ɗaura masa takunkumin zato. Shekara biyu bayan haka, a 1987, aka sa hannu kan yarjejeniyar Montreal ta rage sinadaran da ke zaizaye ozon. Duk lokacin da na ga wani ya rubuta a manhaja cewa a watsar da adadin da ya wuce iyaka kaza don ba zai yiwu ba, wannan labarin ke faɗo min.

To mu dawo ɗakinka. A tsarin kwamfuta hawa na ƙasa shi ne lafiyar ƙarfen kansa: zafi, cikar faifan ajiya, nauyin da ke kan injin. Sama da shi akwai hanyar sadarwa. Sama da ita akwai abin da manhaja ke faɗa game da kanta, kuma shi kashi uku ne: alƙaluman da ake ƙirgawa kullum (buƙatu nawa suka shigo, nawa suka gaza, tsawon wane lokaci kowace ta ɗauka, saura ƙiris nawa a cika), sai kundin da ake rubuta kowace aukuwa a ciki, sai bin sawun buƙata ɗaya tun daga shigarta har fitarta. Kayan aiki irin su Nagios da Prometheus da Grafana galibi a waɗannan hawa suke aiki. Duk waɗannan kallo ne daga cikin gida. Akwai kuma kallo daga waje, wato wata na'ura a wani gari ko wata ƙasa da ke kwaikwayon mai amfani, tana buɗe shafinku kowane minti, tana shiga, tana gwada abin da mutane ke zuwa yi. Wannan ba ta san komai game da cikin gidanku ba, kuma rashin sanin nan shi ne darajarta. Na taɓa aiki a wani wuri da allon lura ya kwana kore shar, duk saba lafiya lau, alhali babu mai iya shiga daga waje saboda takardar shaidar tsaro ta shafin ta ƙare aiki da tsakar dare. Ba ƙarya allon ya yi mana ba. Abin da muka tambaye shi ya amsa.

A nan ne ma gizo ke saƙa: bambanci tsakanin auna abin da kake so da auna inuwarsa. A hatsarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka, ranar 28 ga Maris 1979, wani bawul (mabuɗin bututun ruwa) ya maƙale a buɗe, ruwan sanyaya injin yana ta zuba. Fitilar da ke gaban ma'aikata ta nuna musu kamar ya rufu, domin an haɗa ta ne da umarnin rufewa, ba da bawul ɗin kansa ba. Sun fi awa biyu suna aiki bisa wannan fahimta. Irin wannan ta faru da kifin kod a tekun Newfoundland ta Kanada. Ana ɗaukar yawan abin da manyan jirage ke kamowa a matsayin alamar yawan kifin da ke ruwa, amma kifin da ya rage yana taruwa ne wuri ɗaya, jiragen kuma suna da na'urar gano inda ya taru, sai kamu ya ci gaba da kyau yayin da tekun ke ƙarewa. Ƙananan masunta na bakin gaɓa sun daɗe suna cewa kifi ya ragu kuma ya ƙanƙance. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma ba a ɗauki maganarsu a matsayin bayanan kimiyya ba, har aka rufe kamun a 1992, dubban mutane suka rasa sana'a. A wurinku masuntan bakin gaɓa su ne masu ɗaga waya idan jama'a sun kira da koke. Hawa ne cikakke, kuma shi ne wanda aka fi rainawa.

Yanzu ɗan lissafi, don da shi za ka iya zama da masu kasafi. Ka ɗauka kana da na'urar gano kutse da ke yin daidai sau 99 cikin 100, ta kowane ɓangare. Abubuwa miliyan ɗaya suna wucewa ta gabanta a rana, 100 daga ciki ne na mugunta. Za ta kama 99 daga cikinsu, madalla. Amma za ta kuma yi wa kashi 1 cikin 100 na marasa laifi ƙazafi, wato kusan 10,000. Ka ga cikin kowane gargaɗi ɗari, ɗaya ne na gaske. Babu ma'aikacin da zai jure wannan, cikin mako biyu zai daina dubawa. Idan ka tura waɗannan da aka zarga ga hawa na biyu mai irin wannan ƙwarewa, wanda kuma yake duba wata alama daban, ƙazafin zai sauko zuwa kusan 100, na gaskiya kuma su zama 98. Yanzu rabi da rabi ne, ana iya tashin mutum daga barci a kai. Amma wannan ribar gaba ɗayanta ta rataya ne a kan kalmar nan "daban". Idan hawa na biyu alamar da na farko ya duba ita yake dubawa, zai maimaita ƙazafin ne kawai, ku kuma ku ƙara samun yaƙini a kan kuskure. Likitoci sun san wannan tuntuni, shi ya sa gwajin tantancewa mai araha yake gaba, gwajin tabbatarwa mai tsada ya biyo baya. Haka aka gano nau'in korona na Omicron a Nuwamban 2021: dakunan gwaji a Afirka ta Kudu sun lura cewa a gwajin PCR na yau da kullum ɗaya daga cikin alamomin da ake nema ya daina fitowa a wasu samfura, sai aka ɗauki waɗannan samfuran aka karanta jerin gadonsu.

Ka kuma sani cewa jera hawa iri biyu ne, kuma ba a samun ribar duka biyun a lokaci ɗaya. Ko dai ka ce ba za a buga ƙararrawa ba sai duk hawan sun yarda, ƙarya ta ragu amma wasu na gaske su sulale. Ko ka ce ko wanne ya gani a buga, ba abin da zai wuce amma hayaniya ta yi yawa. Inda kuskure ɗaya zai iya zama annoba ana zaɓar na biyu, a haƙura da hayaniyar. Inda ma'aikaci ɗaya ne ke riƙe da waya da dare, na farko ya fi.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wannan sana'a shi ne shiru. Ranar 14 ga Agusta 2003, a ɗakin kula da wutar lantarki na kamfanin FirstEnergy da ke jihar Ohayo, manhajar da ke buga ƙararrawa ta tsaya cik saboda wani kuskure a rubutunta, ba ta kuma sanar da kowa cewa ta tsaya ba. Ma'aikata suna zaune sama da awa ɗaya suna ganin babu gargaɗi, suna ɗaukar lafiya ce, alhali manyan wayoyi suna zafi suna lanƙwasowa suna taɓa bishiyoyi wutarsu tana ɗaukewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin yamma mutum kusan miliyan 50 a Amurka da Kanada sun shiga duhu. Maganin wannan a kwamfuta mai sauƙi ne: a sa manhajar sa ido ta riƙa aika saƙon "ina raye" zuwa wata na'ura da ke can waje, idan saƙon ya yanke ita ta waje ta yi kururuwa. Masu yaƙi da shan inna suna da dabarar da ta fi wannan kyau, kuma ina ganin ya kamata kowane injiniya ya san ta. Akwai wasu cututtukan da ke shanye gaɓoɓin yara ban da shan inna, kuma an san suna faruwa ko'ina. Saboda haka ana sa ran kowane yanki mai haɗari ya kawo rahoton aƙalla yara 2 cikin kowane 100,000 'yan ƙasa da shekara 15 da suka shanye ta wani dalilin daban, a kowace shekara. Yankin da ya ce bai ga ko ɗaya ba, ba a yaba masa, ana tuhumar idonsa ne. Amfanin wannan taka-tsantsan ya bayyana a 2016, lokacin da aka samu yaran da suka shanye a Borno bayan shekara biyu ba a ga cutar a Najeriya ba. Jerin gadon ƙwayar ya nuna cewa ta yi kusan shekara biyar tana yawo a wuraren da rikici ya hana ma'aikatan lafiya shiga.

Dangin wannan matsala ita ce mai gadi ya kwana a ɗakin da yake gadi. A Fabrairun 2017, da ma'ajiyar S3 ta Amazon ta samu matsala, shafin da kamfanin ke sanar da jama'a halin da ayyukansa ke ciki ya kasa sauyawa, domin shi ma a kan S3 ɗin ya dogara, sai ta Twitter suka riƙa ba da sanarwa. A Oktoban 2021 Facebook ya ɓace daga intanet na kimanin awa shida, kuma kayan aikin da injiniyoyinsa za su bincika matsalar da su sun tafi tare da shi. Ga kuma wani gefen da masu tallar manhaja ba sa ambata: kowace manhajar sa ido ƙofa ce, don sai an ba ta izinin leƙa ko'ina take aiki. Kutsen SolarWinds da aka gano a 2020 ta cikin manhajar sa ido ta kamfanin mai wannan suna ya shiga kwamfutocin masu amfani da ita. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana a tara hawa barkatai.

Barazil ta ba da misali mai kyau na raba aiki tsakanin mai sauri da mai daidaito. Hukumar binciken sararin samaniyarta, INPE, tana da tsarin PRODES tun 1988, mai amfani da hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat yana fitar da adadin dajin Amazon da aka sare sau ɗaya a shekara. Adadi ne abin dogaro, amma kafin ya fito an riga an kwashe katako an zuba shanu. A 2004 aka ƙara DETER, wanda hotunansa ba su kai na farko kaifi ba amma yana ba da gargaɗi cikin kwanaki, jami'an tsaron muhalli su tafi wurin. Saran daji ya sauko daga kusan murabba'in kilomita 27,800 a 2004 zuwa kimanin 4,600 a 2012, tare da wasu matakan doka da na bashin noma. Sai dai DETER na farko ba ya ganin fili da bai kai hekta 25 ba, kuma an lura kason ƙananan sara ya ƙaru, har sai da aka ƙara wa tsarin kaifi. Tauraro kuma ganye yake gani. Daji zai iya zama kore daga sama alhali mafarauta sun share dabbobin da ke cikinsa, shi ya sa ake ɗaura kyamarori a bishiyoyi, a ajiye na'urorin naɗar kukan tsuntsaye, a tace ruwan kogi a nemi burbushin DNA na halittun da suka ratsa ta ciki.

Kada kuma sabon hawa mai ƙyalli ya sa a yar da tsoho. A 2008 Google ya fito da Google Flu Trends, yana hasashen yaɗuwar mura daga abin da mutane ke nema a intanet, yana riga rahoton asibitoci da mako ɗaya ko biyu. A lokacin murar 2012 zuwa 2013 hasashensa ya kai kusan ninki biyu na abin da likitoci suka gani, a 2015 aka daina wallafa shi. Da me aka gane ya kauce? Da rahoton nan mai jinkiri na asibitoci, wanda ake cewa ya tsufa.

Hawa nawa ya isa? Ba ni da lamba, amma ga yadda nake yi. Ku zauna ku rubuta matsaloli goma na ƙarshe da suka same ku, kowace ku rubuta wa ya fara sani da kuma bayan minti nawa. Idan a bakwai daga ciki mai amfani ne ya kira ya faɗa muku, abin da kuke buƙata kallo daga waje ne, kuma wannan ba shi da tsada. Idan kuna sani da wuri amma kuna kwana kuna neman dalili, kundi da bin sawu ne suka gaza. Idan gargaɗin ya zo amma ya nutse cikin ɗaruruwan na banza, to ragewa za ku yi. Kowace manhaja cikin biyun da aka kawo, a tambayi mai kawo ta: cikin goman nan, wacce za ta kama wadda ta yanzu ba ta kama ba, a ina za ta zauna, kuma idan ta yi ƙara wayar wa za ta buga, shi kuma me zai yi? Wadda ba ta da amsar tambayar farko a mayar da ita. Wadda aka karɓa a ɗora ta a kan wata wutar da wata hanyar sadarwar daban. Bayan wata ɗaya, da rana tsaka kowa yana wurin aiki, ka sanar da shugabanka shi kaɗai, ka kashe tsohuwar manhajar da gangan, ka duba agogo ka ga minti nawa za a yi kafin wani ya lura.